Daɗaɗɗen Tarihi ko Tarihin Zamani: tambayoyin ɗalibai da iyaye game da zaɓen darasi a babbar sakandare a New South Wales

A jihar New South Wales ta ƙasar Ostireliya, ɗalibi yana aji 10 ake miƙa masa takardar zaɓen darussan da zai ɗauka a aji 11 da 12, shekaru biyun da ke kai shi ga jarabawar HSC, wato jarabawar kammala babbar sakandare ta jihar. A kan takardar tarihi ya rabu gida biyu: Ancient History, wato Daɗaɗɗen Tarihi, da Modern History, wato Tarihin Zamani. Ga iyalan da suka zo daga Najeriya ko Ghana wannan baƙon abu ne, domin a jarabawar WAEC tarihi darasi ɗaya ne. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawo a gidaje idan lokacin zaɓen ya zo.

Mene ne ainihin bambancin da ke tsakaninsu?

Amsar da kowa zai fara bayarwa ita ce zamani: ɗaya na magana kan Masar da Girka da Rum da Farisa da tsohuwar ƙasar Sin, ɗayan kuma ya fi karkata ga ƙarni na 20. Haka ne, amma abin da ɗalibi zai ji a jikinsa kullum shi ne bambancin irin hujjar da zai yi aiki da ita.

A Daɗaɗɗen Tarihi hujja ƙaranci take yi. Za a ba ka rubutun da aka sassaƙa a jikin dutse wanda rabinsa ya goge, ko tsabar kuɗi mai hoton sarki, ko sakin layi ɗaya daga marubucin da ya rayu shekaru ɗaruruwa bayan abin da yake ba da labari, a ce ka faɗi abin da za a iya fitarwa daga ciki da kuma inda ya kamata a tsaya. Dubi Sparta. Mutanen birnin ba su bar rubutu mai yawa game da kansu ba, in ban da guntayen waƙoƙin Tyrtaeus da Alcman. Mafi yawan abin da aka sani ya fito ne daga bakin baƙi irin su Herodotus da Xenophon da Plutarch, shi Plutarch kuwa ya yi rubutunsa ne fiye da shekaru 400 bayan Sparta ta sha kashi a yaƙin Leuctra na shekarar 371 kafin Miladiyya. Wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi ya ji ana tambayar wa ya ruwaito, daga wa ya ji, sun haɗu kuwa, zai gane aikin nan da nan.

A Tarihin Zamani kuwa hujja yawa take yi har ta danne mutum. Kan mulkin Nazi kaɗai akwai jawabai da aka naɗa, da hotuna, da finafinan farfaganda, da alƙaluman zaɓe, da takardun gwamnati, da shaidar waɗanda suka tsira, da kuma gardamar masana da ta ƙi ƙarewa. Aikin ɗalibi a nan shi ne ya tace, ya zaɓi abin da ya fi nauyi, ya gina hujja a kansa. Wani yaron cike giɓi da hankali ke masa daɗi, wani kuma tsara tarin bayanai. Wannan shi ne ma'aunin da ya fi kowanne amfani wajen zaɓe.

Me ake koyarwa a Daɗaɗɗen Tarihi?

Hukumar NESA ce ke tsara manhaja a jihar. A manhajar da aka fara koyarwa a 2018, aji 12 ya kasu kashi huɗu, kowanne da maki 25 cikin 100 na jarabawa.

Kashi na farko dole ne ga kowa: biranen Pompeii da Herculaneum na ƙasar Italiya, waɗanda dutsen Vesuvius ya yi aman wuta ya binne su a shekara ta 79 Miladiyya. Wannan kashin ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne zuciyar darasin. Toka ta rufe garuruwan da gidajen burodinsu, da wuraren wanka, da tallan 'yan takara a jikin bango, da rubuce-rubucen da masu wucewa suka karta. An fara tono a Herculaneum a 1738, a Pompeii kuma a 1748. A 1863 Giuseppe Fiorelli ya riƙa zuba farar ƙasa mai daskarewa cikin ramukan da gawarwaki suka bari a cikin toka, sai siffar mutanen ta fito yadda mutuwa ta same su. An daɗe ana zaton mutanen Herculaneum sun samu sun tsere, sai daga shekarun 1980 aka fara gano ƙasusuwan mutane kimanin 300 a rumfunan jiragen ruwa da ke bakin teku, inda suka fake suna jiran ceto. Ko ranar da abin ya faru ma ana gardama a kanta. Kwafin wasiƙun Pliny Ƙarami, wanda ya ga abin da idonsa daga ɗaya gefen gaɓar, ya sa aka saba cewa 24 ga Agusta ne, amma wani rubutun gawayi da aka gano a bango a 2018 ya ƙarfafa masu cewa watan Oktoba ne. Ɗalibi zai kuma karanta matsalar adana wurin a yau: ruwan sama, da cunkoson masu yawon buɗe ido, da rushewar wani gini a 2010 da ta jawo babban aikin gyara, da kuma tambayar ko ya dace a baje ƙasusuwan matattu ana kallo.

Sauran kashi ukun makaranta ce ke zaɓa daga jeri. Akwai nazarin al'umma guda, misali Sparta, ko Atina a zamanin Pericles, ko Masar a lokacin sarakunan Ramesses, ko Farisa a zamanin Darius da Xerxes, ko daular Han ta ƙasar Sin. Akwai nazarin mutum guda, irin su Hatshepsut, matar da ta hau gadon Fir'auna, ko Akhenaten, ko Iskandar Mai Girma, ko Julius Caesar, ko Agrippina Ƙarama wadda ɗanta Nero ya sa aka kashe a shekara ta 59. Sai nazarin wani zango na tarihi, kamar faɗuwar Jamhuriyar Rum daga 78 zuwa 31 kafin Miladiyya, ko duniyar Girka daga 500 zuwa 440.

Tarihin Zamani fa?

Shi ma kashi huɗu ne. Na dole shi ne mulki da iko a duniya daga 1919 zuwa 1946: yarjejeniyar Versailles da ta biyo bayan Yaƙin Duniya na Farko, tasowar masu mulkin kama-karya a Rasha da Italiya da Japan, sannan Jamus ƙarƙashin Nazi, wadda ita ce ta ɗauki kaso mafi girma. Za a bi yadda aka naɗa Hitler shugaban gwamnati a 30 ga Janairun 1933, da gobarar majalisa a watan Fabrairu, da dokar watan Maris da ta ba shi ikon yin doka ba tare da majalisa ba, da dokokin Nuremberg na 1935 da suka ware Yahudawa. A ƙarshe a duba yadda Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta farko ta gaza, aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945.

A sauran ukun, akwai nazarin ƙasa guda, kamar Rasha da Tarayyar Sobiyet daga 1917 zuwa 1941, ko Amurka daga 1919 zuwa 1941, ko Sin, ko Indiya, ko Indonesiya, ko Iran daga 1945 zuwa 1989. Akwai nazarin yaƙi da zaman lafiya: yaƙin Turai daga 1935 zuwa 1945, yaƙin yankin Bietnam da maƙwabtanta daga 1954 zuwa 1979, Yaƙin Cacar Baka, rikicin yankin Gulf, ko rikicin Larabawa da Isra'ila daga 1948 zuwa 1996. Na huɗu shi ne sauyi a duniyar yau, inda ake samun gwagwarmayar baƙar fatar Amurka daga 1945 zuwa 1968 da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu daga 1960 zuwa 1994. Doka ce aƙalla ɗaya daga cikin abin da makaranta ta zaɓa ya kasance wajen Turai da ƙasashen Yamma.

NESA takan sabunta manhajojinta, kuma sabon zubi na darussan tarihi ya biyo bayan wannan. Saboda haka a tambayi makaranta wace manhaja ajin yaron zai bi.

Ni ne zan zaɓi batutuwan da ke cikin jerin?

A'a, kuma nan ne ɗalibai da yawa ke shan mamaki. Yarinya ta ga sunan Hatshepsut a ƙasidar makaranta ta yi rajista saboda Masar, sai ta tarar malaminta Sparta da Rum yake koyarwa shekara da shekaru. Yaro ya shiga Tarihin Zamani don Afirka ta Kudu, ya iske ajin Amurka za a yi. Malami ko sashen tarihi na makarantar su ke yanke wannan, gwargwadon littattafan da suke da su da abin da malamin ya ƙware a kai.

Don haka kafin ka cika takarda, je wurin shugaban sashen ka ce: Malam, waɗanne batutuwa huɗu ajinmu zai yi a aji 12, kuma wa zai koyar? Tambaya ce ta minti biyar, amsarta kuwa ta fi duk shawarar da za ka samu a intanet daraja, domin abin da za ka zauna da shi shekara guda ke nan.

Wanne ya fi wuya?

Wahalarsu ba iri ɗaya ba ce. Jarabawar kowanne awa uku ce da minti biyar na karanta tambayoyi. A tsarin da aka saba, Tarihin Zamani na da dogon insha'i guda biyu masu maki 25 kowanne, Daɗaɗɗen Tarihi kuwa guda ɗaya, sauran tambayoyinsa a rarrabe suke, gajeru da matsakaita. Wannan ya sa wasu ke cewa Daɗaɗɗen ya fi sauƙi. Ban yarda da wannan ba. Tambaya mai maki goma ko sha biyar a kan Agrippina tana buƙatar ka kawo abin da marubutan Rum Tacitus da Suetonius kowanne ya ce, da abin da hoton tsabar kuɗi ya nuna, sannan ka auna dalilin da ya sa marubuta maza daga cikin manyan Rum za su zana mace mai iko da baƙin fenti. Ga kuma kalmomin Latin da Girkanci da sunayen Masar da sai an maimaita su kafin su zauna a ka.

Nauyin Tarihin Zamani kuma yana wajen yawan abin karantawa da sarƙaƙiyar siyasa da tattalin arziki. Wanda zai yi bayanin yadda Stalin ya kayar da abokan hamayyarsa bayan mutuwar Lenin a 1924 dole ya fahimci gardamar da ake yi cikin jam'iyya kan noma da masana'antu. Yaron da ke gudun labarin siyasa zai gaji da wuri.

An ce Tarihin Zamani ya fi ɗaga ATAR. Gaskiya ne?

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma an fi fahimtarsa a baibai. ATAR matsayi ne tsakanin ɗalibai, daga 0 zuwa 99.95, wanda jami'o'i ke dubawa wajen ɗaukar ɗalibai, kuma UAC, cibiyar da ke kula da neman gurbin jami'a, ita ce ke lissafa shi daga yunit goma mafi kyau na ɗalibi (yunit shi ne ma'aunin nauyin darasi), biyu daga ciki dole na Turanci. Kafin a haɗa makin, ana daidaita na kowane darasi gwargwadon ƙarfin ɗaliban da suka ɗauke shi a wannan shekarar, wato yadda suka yi a dukkan sauran darussansu. Wannan shi ne abin da yara ke kira scaling. Shekara da shekaru matsakaicin makin Tarihin Zamani bayan daidaitawa yakan ɗan ɗara na Daɗaɗɗen Tarihi. Dalilin shi ne irin taron ɗaliban da ke ɗaukar kowanne, babu wani kyautar maki da aka ware wa darasin.

Abin da wannan ke nufi ga yaro ɗaya shi ne matsayinsa cikin 'yan darasin ya fi sunan darasin tasiri. Wanda ya fito sahun gaba a Daɗaɗɗen Tarihi zai tashi da maki mai kyau fiye da in ya tsaya tsaka-tsaki a Tarihin Zamani. Kuma kada a manta rabin makin HSC daga ayyukan cikin makaranta yake fitowa, waɗanda ake yi tun daga zangon ƙarshe na shekarar aji 11, wajen watan Oktoba, har zuwa jarabawar gwaji. Shekara guda cur ta karatu da rubutu ba ta yiwuwa da kyau a kan abin da zuciya ba ta so. Ina ganin kuskure ne babba a janye yaron da ke son Pompeii a tura shi Jamus saboda ɗan bambancin da ke cikin jadawalin UAC.

Zan iya ɗaukar duka biyun?

Za ka iya. Kowanne yunit biyu ne, ana buƙatar aƙalla yunit 12 a aji 11 da 10 a aji 12, kuma babu dokar da ta hana haɗa su. Abin da kan hana shi ne jadawalin makaranta, idan an sa su a sa'a ɗaya. Masu haɗawa sukan ga ƙwarewar ɗaya tana taimakon ɗaya, domin auna hujja da gina insha'i aiki ɗaya ne. Sai dai ka lissafa yawan rubutu: Turanci, da tarihi biyu, in ka ƙara da darasin shari'a ko na addinai, kusan duk jarabawarka ta zama ta dogon rubutu da hannu. Wasu na ɗaukar biyun a aji 11, su ajiye ɗaya idan za su sauko zuwa yunit goma, kuma wannan dabara ce mai kyau ga wanda ya kasa yanke shawara.

Mene ne History Extension?

Ƙarin yunit ɗaya ne da ake ɗauka a aji 12 kawai, kuma sai wanda ke yin ɗaya daga cikin darussan biyu. A nan ba a tambayar me ya faru, ana tambayar su wa ke rubuta tarihi, don me, kuma me ya sa fassarar abu ɗaya ke canzawa daga zamani zuwa zamani. Ɗalibi zai yi nasa binciken ya rubuta muƙala da ba ta wuce kalmomi 2,500 ba. Ga mai sha'awar karatun jami'a a fannin tarihi ko shari'a, horo ne mai kyau ƙwarai. Ga wanda yake fama da ainihin darasin, ƙarin kaya ne.

Akwai tarihin Afirka a ciki? Ɗana zai ji labarin ƙasarsu?

Gaskiya kaɗan ne, kuma ya kamata iyaye su san haka tun farko. A Daɗaɗɗen Tarihi Afirka tana shigowa ta Masar, da hulɗarta da Nubiya wadda take arewacin Sudan da kudancin Masar ta yau, da tafiyar kasuwancin da Hatshepsut ta aika ƙasar Punt. A Tarihin Zamani akwai Afirka ta Kudu, daga kisan mutum 69 a Sharpeville a Maris na 1960, zuwa boren ɗaliban Soweto a 1976, zuwa sakin Mandela a 1990 da zaɓen 1994. A aji 11 wasu makarantu kan taɓo cinikin bayi ta tekun Atlantika, ko zamanin mulkin mallaka, ko rushewar daulolin Turawa. Kanem-Borno, da ƙasashen Hausa, da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, waɗanda ɗalibin WAEC ke karantawa, ba su cikin jerin aji 12.

Amma akwai ƙofa guda da ba kowa ke lura da ita ba. A aji 11 kowanne daga darussan biyu yana da aikin bincike, inda a makarantu da yawa ɗalibi ke zaɓar batunsa da amincewar malami, muddin bai maimaita abin da za a yi a aji 12 ba. Mai Daɗaɗɗen Tarihi na iya neman izinin yin bincike kan mutum-mutumin yumɓu na Nok da ke kudancin jihar Kaduna, waɗanda aka fara cin karo da su a wuraren haƙar kuza a 1928, Bernard Fagg ya ja hankalin duniya gare su a shekarun 1940, masana daga jami'ar Frankfurt kuma suka sake tono yankin daga 2005. Batun satar kayan da fitar da su ƙasashen waje ya yi daidai da abin da manhaja ke so a tattauna game da gidajen tarihi da haƙƙin mallakar kayan gado. Ko kuma ya yi kan daular Kush da dalar Meroe. Mai Tarihin Zamani na iya duba yadda sojojin Lugard suka ci Kano da Sakkwato a 1903, ko sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 da suka yi yaƙi a Burma a Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda da yawansu daga Arewacin Najeriya aka ɗebo su. Yaron da ke jin Hausa, yake da kaka ko kawun da zai kira a waya, yana da majiyar da babu wani a ajin da ke da ita. Ina ƙarfafa iyaye su taimaka a nan, domin wata ƙila ita ce dama ɗaya da yaron zai samu a makaranta ya yi aiki mai zurfi kan tarihin gidansu.

A matsayina na uba, ina jin tsoron karatun gumaka da hotunan batsa na Pompeii. Ya abin yake?

Damuwa ce mai tushe, kuma ba abin kunya ba ne a furta ta. Daɗaɗɗen Tarihi yana nazarin addinan mutanen da: Amun da Aten a Masar, allolin Girka, wuraren bautar cikin gida a Pompeii. Ana karanta su ne don a gane yadda mutanen suka rayu da yadda sarakuna suka yi amfani da addini wajen riƙe mulki, kamar yadda Akhenaten ya juya wa firistocin Amun baya ya gina sabon birni a Amarna. Ba a neman ɗalibi ya gaskata komai. Musulmi sun san umarnin da ke cikin Alƙur'ani na a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen da suka gabata ya kasance. Kiristoci kuma za su ga sunayen da suka sani, irin su Sennacherib sarkin Assuriya da Sairus na Farisa.

Game da Pompeii, gaskiya ne akwai zane-zanen tsiraici a wasu gine-gine, kuma batun karuwanci kan fito idan ana maganar tattalin arziki da matsayin bayi. Ƙaramin yanki ne na darasin, amma yana nan. Ku je ku ga malamin, ku nemi ya nuna muku littafin da ake amfani da shi, ku faɗa masa abin da ke ranku.

Kada kuma a ɗauka Tarihin Zamani ba shi da nasa nauyin. Akwai hotunan sansanonin kisan Yahudawa, da kisan kiyashin Kambodiya ƙarƙashin Pol Pot, da bam ɗin Hiroshima. Idan ajin ya zaɓi rikicin Larabawa da Isra'ila ko yaƙin Gulf, yaron zai zauna da abokan karatu masu ra'ayi daban da na gidansu, kuma jarabawa za ta nemi ya auna hujjojin kowane ɓangare cikin natsuwa. Wannan horo ne mai amfani, amma yana son yaro ya samu wanda zai yi hira da shi a gida idan abin ya dame shi.

Turancina bai nuna sosai ba, ba mu daɗe da zuwa ba. In guje wa tarihi?

Kada ka yanke hukunci da sauri. Akwai darasin Turanci na musamman, EAL/D, ga wanda bai wuce shekara biyar yana karatu da Turanci ba, amma jarabawar tarihi iri ɗaya ce ga kowa. Masu duba takarda hujja da tsari suke nema fiye da ƙawa, don haka jimla gajera mai ɗauke da shaida ta fi doguwa wadda ba ta ce komai ba. Tsarin tambayoyin Daɗaɗɗen Tarihi, da yake sun fi rarrabuwa, kan yi wa wasu sauƙin farawa, kuma baƙin kalmominsa baƙi ne ga kowa a ajin. Tarihin Zamani kuma yana da tarin shirye-shiryen bidiyo da ke taimaka wa mai koyo ta kunne. Abin da ba makawa shi ne rubutu kowane mako da kai wa malami ya gyara.

Wanne jami'o'i suka fi so, kuma wane aiki yake kaiwa?

Ba a sa ɗayansu sharaɗin shiga karatun shari'a ko aikin jarida ko huldar ƙasashe ba, ATAR da sharuɗɗan kowane kwas ake dubawa. Mai son siyasar duniya zai iske Tarihin Zamani ya share masa hanya, tun da ya riga ya san asalin Majalisar Ɗinkin Duniya da Yaƙin Cacar Baka. Mai son tonon kayan tarihi ko aikin gidan tarihi zai fi amfana da Daɗaɗɗen, kuma jami'ar Macquarie da ke Sidni ta yi suna a nazarin tsohuwar Masar. Mai niyyar likitanci ko injiniya kuwa ya fara tabbatar da lissafi da kimiyyar da kwas ɗin ke buƙata, sannan ya sa tarihi a gurbin da ya rage.

Har yanzu na kasa zaɓa. Me zan yi a makon nan?

NESA tana ajiye tsofaffin takardun jarabawa a shafinta kyauta. Sauke na bara na kowane darasi, ka karanta kashin farko, inda ake ba da hotuna da guntayen rubutu. Ba a ce ka amsa ba. Lura kawai da wanne ne ya sa ka son sanin abin da ya biyo baya. Idan kana Sidni, gidan tarihin Chau Chak Wing na jami'ar Sidni kyauta ake shiga, kuma yana da kayan Masar da Girka da Rum, sai ka ware rabin yini ka je. Ka kuma nemi ɗalibin aji 12 na kowane darasi a makarantarku ya nuna maka littafin rubutunsa da aikin da aka ba shi na ƙarshe.

In na fara na ga bai yi mini ba, zan iya canzawa?

Yawancin makarantu na barin canji a makonnin farko na aji 11, idan akwai gurbi a ɗaya ajin kuma jadawali bai ci karo ba. Bayan nan abin yana wuya, domin sai ka kammala darasin aji 11 kafin a yarda ka ci gaba da shi a aji 12. Idan makarantarku ba ta koyar da wanda kake so saboda ƙarancin masu rajista, tambayi mai ba da shawara kan darussa game da karatu daga nesa, wanda ma'aikatar ilimin jihar ke gudanarwa, ko haɗin gwiwa da wata makaranta ta kusa. A New South Wales ke nan. Jihohin Queensland da Yammacin Ostireliya su ma suna da darussan biyu da waɗannan sunaye amma da manhaja da jarabawa daban, a Victoria kuwa rabon ya sha bamban, don haka iyalin da ke shirin ƙaura tsakanin jihohi a tsakiyar shekarun nan biyu su tuntuɓi sabuwar makarantar kafin a cika takarda.